Ƙofar a Sakaye Take

Litinin, ƙarfe goma na safe

Da yanzu ina aji. Ƙarfe goman Litinin darasin adabi ne da 'yan ajin ƙarshe, kuma yau ya kamata mu shiga tsakiyar littafin jarrabawa. Ga ni a falo ina kallon labule.

Shugaban makaranta ya ce in huta. "Malama, ki ɗan huta har ƙura ta lafa. Iyayen yara ne, kin san halinsu." Ni dai ban ce masa na gaji ba. Da na tambaye shi wa zai riƙe min ajin, sai ya hau gyara takardun teburinsa, alhali a gyare suke. Wai Auta. Ƙanwata uwa ɗaya uba ɗaya, wadda na goya, na koya wa riƙe fensir, na kai takardunta makarantar nan da hannuna. "Ai duk gida ne," in ji shi. Na ce haka ne, na ɗauki jakata.

A ajin har da 'yata. Lauya muke ce mata tun tana koyon magana, don ba a gaya mata magana ba ta kawo hujja ba.

Babanta yana ɗaki. Farar rigarsa ta aiki tana rataye a bayan ƙofa tun ranar da 'yan sanda suka zo da mota kan maganar yaron da ya rasu bayan ya duba shi a asibiti. Ban taɓa ta ba, shi ma bai taɓa ba. Ƙofar gida kuwa na zura mata sakata.

Talata, bayan la'asar

Lauya ta dawo, ta buga, na leƙa ta taga na tabbatar ita ce, na buɗe. Ko takalmi ba ta cire ba ta fara: "Umma, Anti ta ce..."

To, an fara.

Littafin nan na fi shekarun Lauya ina koyar da shi. Labarin wasu baƙi ne da suka kama haya a gidan ƙarshen layi a wani gari. Aka yi shekarar zazzaɓi, yara suka mutu, gari ya ce su ne suka ɓata rijiya. Daga nan ba wanda ya ƙara ganinsu. Telan da shagonsa ke kallon gidan, shi ne mai ba da labarin, ba ya ganin komai sai shanya da hayaƙin girki. A ƙarshe ya tarar sun tashi. Tambayar da ke zuwa a jarrabawa kusan kullum ita ce rawar da iyalin suka taka, tunda ko kalma ɗaya ba su faɗa ba a littafin. Amsata kuma ba ta taɓa kayar da ɗalibi ba: laifin kashi biyu ne. Gari ya yi zalunci, su kuma sun kulle kansu. Da sun fito sun yi magana, da labarin ya canja.

Auta wai da'ira ta sa suka yi da kujeru. Ta fitar da yarinya ɗaya waje, ta ce sauran su faɗi abin da suke zaton tana yi a can. "Wallahi Umma, minti biyar ba a yi ba har an ce sata ta tafi yi!" Lauya tana faɗa tana dariya har da riƙe ciki. Rabon da in ji dariyarta tun kafin abin nan.

Na ce, "Wasan kwaikwayo za ku rubuta a jarrabawa?" Sai ta wuce ɗaki. Ban so na faɗa ba, amma kuma gaskiya ce.

Laraba, da hantsi

Na fita sayen sabulu. Matar mai gyaran babur ta hango ni ta janye ɗanta cikin gida, yaron da ni na koya masa baƙaƙe kyauta a tsakar gidana. Mai shago ya amsa gaisuwata yana kallon kantar madara. Ba zan ƙara fita ba, Lauya ta riƙa biyowa da saƙo.

Alhamis, ƙarfe biyu

Baban Lauya ya je ofishin 'yan sanda tare da yayansa. Sun ce a dawo wani makon. Bai ci abinci ba.

Juma'a, da yamma

Anti ta ce. Anti ta ce. Anti ta ce tela ba mutumin kirki ba ne, matsoraci ne. Anti ta ce a lura da abin da marubuci bai faɗa ba. Anti ta ce kada a haddace amsa. Wa take nufi da haddace amsa? Ni ba yarinya ba ce.

Har ɗaurin ɗankwalin Lauya ya koma irin na Auta, a karkace gefe ɗaya kamar zai faɗi. Na ce ta gyara, ta gyara, da na juya ta mayar.

Ina jin kishi. Na rubuta, tunda ba mai karantawa. Kishin ƙanwata nake, ni da girmana, da furfurata uku a goshi.

Asabar, ƙarfe sha ɗaya na safe

Auta ta zo. Na ji sallamarta, muryar nan tata mai kama da ta mahaifiyarmu, Allah Ya jiƙanta. "Yaya? Yaya, ni ce." Ta buga, ta jira, ta ƙara bugawa. Lauya tana wanka, babanta ya ɗago kai daga katifa ya dube ni, na ɗora yatsa a baki.

Me za ta zo yi? Ta ga yadda na koma, ta zauna a kujerata tana min sannu da idon tausayi? Kujerar aji ba ta ishe ta ba?

Da ta tafi na tarar ta rataya leda a hannun ƙofa. Lemo ne. Na so a ce masu tsami ne in samu abin faɗa, sai ga su da zaƙi kamar me. Baban Lauya ya sha biyu, abin da ya fara shiga cikinsa da daɗin rai ke nan a makon nan. Wannan ma ya ba ni haushi.

Lahadi, bayan asuba

An yi rubutu da gawayi a bangon waje. Na wanke kafin Lauya ta tashi. Ko rubutun ma ba su iya ba, harafi biyu suka ci.

Talata, ƙarfe biyar

Yau mun yi ta da Lauya.

Na ce ta kawo littafin mu yi bita, ta kawo tana jan ƙafa. Na ce ta gaya min rawar iyalin ƙarshen layi. Ta ce su madubi ne, gari yana kallon kansa a jikinsu. Na ce daɗin baki, ina kashi na biyu, ina kulle kansu da suka yi?

"Umma, ba su kulle ba fa."

"Kamar yaya ba su kulle ba?"

"Anti ta ce mu nemo wuri ɗaya a littafin da aka ce ƙofarsu a kulle take. Duk ajin muka duba, babu. Mutanen gari ne ke cewa a kulle. Shi marubucin, in zai faɗa da bakinsa, cewa yake a sakaye take. An jawo ta kawai, ba makulli. Ko akuya ta tura za ta buɗe. Ba wanda ya tura ne."

Na ce sakaya da kullewa duk rufewa ce. Ta ce, "Haba Umma, ke kika koya min kalma ba ta zama a jimla a banza." Da makamina ta sare ni, 'yar nema! Na ce ta tashi ta ɗora ruwan shayi.

Laraba, ƙarfe tara na safe

Na duba. Kwafina da ya tsufa har bangonsa ya rabu, na bi shi shafi shafi. A sakaye. A sakaye. Har a babin ƙarshe, inda tela ya je ya tarar sun tashi, yatsa ɗaya ya sa ƙofar ta buɗe, ya ga kofunan shayi a jere a kan tebur sun fi yawan mutanen gidan. A gefen wannan shafin da jan birona na rubuta "sun kulle kansu", har na ja layi biyu a ƙasa.

To sai me? Kowa da fahimtarsa. Ɗalibaina sun ci jarrabawa da tawa, wasu yanzu manyan ma'aikata ne.

Amma a ce Auta ce ta gani! Auta da sai da na zauna da ita dare da rana kafin ta gane bambancin jigo da salo. Auta da ta karanta littafin nan a kwafina, a kan gadona, tana ɗiga min man gyaɗa a shafi. Da wani baƙon malami ne ya gano, wallahi da na yaba masa.

Alhamis, ƙarfe uku

An sake ɗagawa. Yayansa ya ce uwar yaron ma ta je. Ban tambayi mijina komai a kai ba.

Juma'a, bayan magariba

Ashe an sake rubutu a bangon nan shekaranjiya, ban sani ba. Lauya ce ta faɗa, ba da niyya ba, tana wanke kwanuka. Ita da Auta suka goge da sassafe, Auta ta zo da soso da bokiti a bayan ɗan acaɓa kafin su wuce makaranta tare.

Na ce, "Bangona ne ko nata?"

Ta ce, "Umma, bango ne dai."

Ke nan suna da sirri su biyu. Suna tafiya makaranta tare. Ni ina nan ina tsaron gida, ana goge min bango a bayan idona kamar wata mara lafiya.

Asabar, da azahar

Auta ta sake zuwa. Ban buɗe ba. Lauya tana tsaye a tsakar gida tana kallona. Burodi ne yau a ledar.

Litinin, ƙarfe shida na yamma

Lauya ta ce tana so ta koma gidan Auta har a gama jarrabawa.

A tsaye ta faɗa, hannu a baya, kamar mai karanta jawabi a taron makaranta. Wai can ya fi kusa, wai suna bita da yamma ita da wasu 'yan ajin, wai nan ba ta iya karatu.

Na ce me ya hana ta karatu a nan? Gidan shiru kamar ba kowa, wa ya dame ta?

"Shirun ne, Umma."

Na ce ta faɗi gaskiya, Antinta ce ta kitsa mata. Ta ce Anti ma cewa ta yi kada ta tambaya, zai yi min zafi. Ji fa! Har ta san abin da zai yi min zafi, har tana ba da izinin a tausaya min.

Na ɗaga murya, ban ɓoye ba. Na ce an karɓe min aji na yi shiru, an karɓe min littafi na yi shiru, yanzu 'yar ma za a haɗa? Na ce ai ita ma ta zama mutanen gari, ta ga gidan ƙarshen layi tana gudu.

Sai ta fashe da kuka. Lauya ba ta kuka, ko da ta karye a hannu tana ƙarama gardama ta riƙa yi da likita. Ta ce, "Umma, kin san yadda nake tsayawa a ƙofar nan kullum? Ina bugawa, duk layin yana kallon bayana. Matar mai babur ta fito, mai shago ya leƙo, yara su tsaya. Ni kuma ina jiran ki leƙa ta taga ki tabbatar ni ce. A gidanmu! Kada ki ce mu ne gidan ƙarshen layi. Su sakayawa suka yi. Ke sakata kika sa."

Ban san me na ce ba bayan nan. Ina jin cewa na yi ta wuce ta ba ni wuri.

Daga ɗaki babanta ya yi magana, muryarsa a dushe don rashin amfani da ita. Ya ce, "Ki bar ta ta je." Maganarsa ta farko mai tsawo ke nan tun Alhamis, ita ma ba a bayana ya tsaya ba.

Talata, da safe

Ta tafi da tsohuwar jakata ta tafiya, mai zif ɗin da ya lalace. Ta durƙusa ta gaishe ni, na ce Allah Ya ba da sa'a. Ban raka ta ƙofa ba. Da na ji ta jawo ƙofar, na tashi don in zura sakata kamar kullum. Na daɗe a tsaye a wurin, hannuna a kan ƙarfen. Na koma na zauna ban zura ba. Ba don maganarta ba ne, hannuna ne ke ciwo.

Laraba, ƙarfe huɗu

Lokacin dawowarta ke nan. Na dafa shinkafa ta mutum uku, mantuwa.

Yanzu tana can. Auta tana zuba mata abinci, tana tambayarta ya makaranta, alhali tare suka wuni. Wataƙila ma tana tsefe mata kai. Auta ba ta iya tsifa ba, ja take yi, amma na san Lauya ba za ta yi ƙorafi ba, tunda Anti ce.

Alhamis, ƙarfe biyu da rabi

Sun ce wani makon. Da zai fita ya ga ƙofar ba sakata, ya dube ni. Na ce ta lalace. Ya gwada ta da hannunsa, ta shiga lafiya lau, ya zare ya fita.

Juma'a, da hantsi

Kwana nawa ke nan ƙofar a sakaye, ko kare bai turo ba. Iska ce kawai ta buɗe ta jiya, na tashi da sauri har na tuntsurar da kofi. To ga shi nan, Malama Auta. Ashe ko an bar ta a sakaye ba mai zuwa. Sai ki ƙara wannan a darasinki.

Na zauna na sake karanta babin kofunan. Kofi nawa suke jerawa kullum, su waye suke jira? Shekara da shekaru ina wuce wurin nan a guje don in kai ga tambayoyin bita. Yau na kasa wucewa. Na rufe littafin na je na wanke farar rigar nan ta bayan ƙofa, na shanya a tsakar gida. Ya fito ya gan ta a igiya, ya koma ciki.

Asabar, ƙarfe sha ɗaya da wani abu

Na ji tsayuwar ɗan acaɓa, na ji sallama. "Yaya? Ni ce." Ta buga.

Ina zaune a kujerar da ke kallon ƙofa, na ce a raina yau zan ga ƙarshen ilimi. Ke da kika tara yara kina ce musu ba wanda ya tura, bismillah, ga ƙofa. Na kame bakina.

Ta ƙara bugawa, a hankali, bugun mai ladabi. Ta jira. Na ji ƙarar leda tana ratayawa a hannun ƙofa. Na ji takunta ta juya.

Wallahi daɗi ya kama ni, wani mugun daɗi har cikin ƙashi. Ita ma ba ta tura ba! Ita ma tela ce! A lokaci guda kuma na gane tafiya za ta yi, kuma ni ce zan ƙara wuni da shinkafar mutum uku. Na buɗe baki in yi kira.

Sai na ji wata muryar daga waje, a ƙage, irin ta mai gardama.

"Anti, ba ki gwada ba fa."

"Yaya... Ummanki ba ta so, Lauya. Mu tafi."

"Ke kika ce ba wanda ya tura."

Ƙofar ta buɗe har ta bugi bango. Lauya ce tsaye da hannu a miƙe, Auta a bayanta ta rufe baki da mayafi. A rubuta wannan da kyau: ba Auta ce ta tura ba, 'yata ce.

Auta ta shigo ta durƙusa tun daga bakin ƙofa. Ta rame, ban zata ba. Ta ce, "Yaya, ina kwana." Na ce lafiya. Ta ce, "Wallahi ban nemi ajin nan ba. Cewa aka yi in ban karɓa ba za a ba malamin lissafi ya riƙa karanta musu." Na ce ai na ji ana da'ira da kujeru. Ta ce, "Don ban iya tsayawa a gaban allo kamar ke ba ne, ƙafata rawa take." Ƙarya take, amma ta iya ƙarya mai daɗi tun tana yarinya.

Na ce, "Maganar sakaya fa, a ina kika samo?"

Ta ce a kwafina. Wai jan layin da na yi ne ya sa ta tsaya a shafin, ta ga abin da na rubuta a gefe daban, abin da ke cikin shafin daban, ta daɗe tana jin nauyin gaya min. Na ce to ai da jan birona aka gano ke nan. Ta ce ƙwarai kuwa, Yaya. Lauya ta kalli sama tana cije leɓe.

Na haɗa shayi. Baban Lauya ya fito ya zauna da mu, ya sha rabin kofi. Matar mai babur ta wuce ta ga ƙofa a buɗe, ta rage tafiya, ta leƙo, ba ta yi sallama ba. Ba wanda ya tashi ya rufe.

Na dubi hannun Lauya tun shigowarta. Littafi ne kawai, ba jaka. Da la'asar suka tafi tare. Ban ce ta zauna ba, ita ma ba ta ce za ta dawo ba. A bakin ƙofa ta tsaya ta kalli sakatar, ta kalle ni, ta jawo ƙofar a hankali.

Lahadi, da yamma

Ba kowa. Ya tambaye ni ko a sa sakata tunda magariba ta yi. Na ce da dare a sa, ai ba hauka muke ba, amma da asuba a zare. Ya ce shi zai riƙa zarewa.

Litinin, ƙarfe huɗu da kwata

Lauya ba ta buga ba. Da ƙafa ta turo ƙofar, don hannayenta biyu suna riƙe da jaka.

Ta ce, "Umma, akwai abinci? Kuma Anti ta ce ki duba min amsata, wai ke kika san abin da masu jarrabawa ke so." Na ce ta ajiye kayan ta wanke hannu tukuna.

Jakar sabuwa ce fil, mai zif biyu, Auta ce ta saya mata. Ban ce komai ba, amma na gani.